Metronom: ma'aunin kiɗa za mu ce, ko agogon kiɗa?

Ɗan wana da ke koyon fiyano a wani situdiyo a nan Katsina ya nuna mini wata manhaja a wayarsa wadda ba ta da aiki sai ƙas-ƙas-ƙas a kan tazara guda, ya ce sunanta metronom. Da na tambaye shi sunanta da Hausa sai ya yi shiru, ni ma ban da amsar da zan ba shi, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Asalin abin na'ura ce ta katako mai sanda da ke lilo hagu da dama, wadda Bajamushe Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815. A jikin sandar akwai ɗan ƙarfe: in an ɗaga shi sama bugun ya lafa, in an sauke shi ya ƙara sauri, daga bugu 40 har zuwa 208 a minti ɗaya. Sunan daga Girkanci yake, awo da doka, don haka "ma'aunin kiɗa" ne ya fara zo mini. Sai dai malaman adabi sun riga sun ɗauki "ma'aunin waƙa" ga karin baitoci, kuma na'urar ba ta auna abin da makaɗi ya kaɗa, ita ce take kafa bugun shi kuma ya bi ta.

Ni dai na fi karkata ga "agogon kiɗa", domin ta asali ana yi mata wani, wato a murɗa mabuɗinta, kamar agogon bango, kuma ko yaro ya ji sunan zai gane cewa abu ne da ba ya jira, ba ya gaggawa.

Wani dattijon makaɗi da na zanta da shi ya ce, "Malam, ai muna da shi, kuntuku ke nan." Ya yi gaskiya ta wani ɓangare, tun da kuntuku ne ke riƙe bugu yayin da kalangu ke magana. Amma mai kuntuku yana da kunne, in mawaƙi ya ja numfashi ko ya zaburo da kirari yana binsa, agogon kiɗa kuwa ba ya bin kowa. Shi ya sa na shawarci yaron ya riƙa gwaji da shi har hannunsa ya daina gudu a wuraren sauƙi yana nawa a masu wuya, amma ya kashe shi in ya zauna da mawaƙi.

Masana, in akwai kalmar da makaɗan fadar Daura ko ta Katsina ke kiran wannan tsayayyen bugu da ita, ku taimaka mana da ita kafin "agogon kiɗa" ta zauna.