"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": nan ne wurinta?

Malamar aji uku:
Jama'a, ku raba mu gardama da hedimastanmu. Na sa yara sun shuka wake a kofi biyu, ɗaya a bakin taga, ɗaya cikin kabad. Bayan kwana 10 sai ga na kabad ya fi tsawo, amma siriri, ya yi fari kamar mai jinya. Wata yarinya ta ce, "Malama, ya aka yi wanda ba ya ganin rana ya fi tsawo?" Na ƙi ba ta amsa, na ce su yi shawara su kawo min gobe. Aji ya kaure da musu, hedimasta ya leƙo ya ce na sakar wa yaran da yawa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsohon malami:
'Yata, ai gaskiya ya faɗa. Maganar ta tarbiyya ce: abin da ba a gyara wa yaro da ƙuruciya ba, in ya bushe sai dai ya karye. Na daɗe da alli a hannu. Aji in ba tsari, na gaba ne ke ƙaruwa, na baya wasa suke yi.

Uwar yara biyu:
Baba, a gafarce ni, karin maganar ba ta faɗi ina za a tanƙwara iccen ba. Ɗana ya daina tambaya tun ranar da aka ce masa ya cika surutu. Shi ma an tanƙwara shi ke nan, amma zuwa shiru. Kuma mu ne dai ke cewa matambayi ba ya ɓata.

Ɗalibin koyon malanta:
Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, tana barin yaro ya zaɓi aikin da zai yi, amma kowane kaya da mazauninsa, ka ɗauka ka mayar. Ke nan Baba da Umma duk kuna da rabo. Ni dai na ce a bar su su gwada, yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Tsohon malami:
Kai yaro, wannan karin maganar gargaɗi ce, ba izini ba. Kada ka sake ɗora ta a nan.

Malamar aji uku:
To ga yadda aka kwana. Washegari wani yaro ya ce na kabad miƙewa yake yana neman haske, kuma hakan ne, shuka a duhu tsawo take yi ba ta yin kore. Su da kansu suka lura na taga ya karkata wajen gilashi. Suka juya kofin, kwana 2 ya sake karkata can. Ba wanda ya taɓa shi.

Tsohon malami:
Madalla. Amma faɗa min tsakani da Allah, na benci na baya, nawa ne suka buɗe baki?

Malamar aji uku:
Biyu, Baba. Ɗayan ma cewa ya yi a ba shi kofin ya tafi da shi gida.