Wai me ya hana a ba ɗan Arewa hukumar haƙƙin mallaka?

Uwar Gida Mai Alƙalami: Raina a ɓace yake wallahi. Marubuci ya yi rance ya buga littafi, kafin ya sayar da rabi an ɗauke shi a hoto ana rabawa kyauta a WhatsApp. Tun 1989 aka kafa hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, wato NCC. Moses Ekpo ya fara riƙe ta, aka yi Adebambo Adewopo, aka yi Afam Ezekude, sai John Asein a 2019. Ku nuna min ɗan Arewa ɗaya a cikin waɗannan. Shi ya sa ɓarayi suka cinye kasuwar faifai a Kano ba wanda ya ce uffan.

Ɗan Ƙofar Wambai: Hajiya, su wa kike kira ɓarayi? Mu da muka riƙa zuba kuɗinmu ana yin fim tun zamanin kaset? Ki gyara kalamanki.

Uwar Gida Mai Alƙalami: Alhaji, ban kama suna ba. In ka tsargu kai ka sani.

Furodusa: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗan Ƙofar Wambai: Kai yaro, fara biyan 'yan wasanka kuɗin aikinsu tukuna. Masu tura fim a waya naira hamsin su suka kashe kasuwa, ba mu ba.

Mai Turi: To an dawo kanmu. Sana'a ce, da ita muke ci da iyali. Ɓarawo shi ne mai haura katanga.

Malam Lauya: Ku dakata. Adewopo ya ƙaddamar da shirin STRAP na yaƙi da satar fasaha a 2005, kuma sabuwar dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta ba mai littafi damar neman a sauke kayansa daga intanet. Hajiya, marubutan namu nawa suka taɓa kai ƙorafi a rubuce?

Ɗan Baiwa: Ai Buhari namu ne. Ezekude kuwa Jonathan ne ya kawo shi.

Sarkin Gardama: Namu? Shekara takwas me ya tsinana mana? Shi ne dai ya naɗa Asein ɗin.

Ɗan Baiwa: Ba da kai nake ba, ɗan adawa.

Inna Asabe: Wai NCC ɗin nan ba su ne masu rufe layin waya ba?

Malam Lauya: A'a Inna, waccan ta sadarwa ce, haruffan ne suka zo ɗaya.

Mai Turi: Ni dai a janye kalmar ɓarayi, in ba haka ba na fita daga gidan nan.

Furodusa: Allah ya raka taki gona.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, jama'a sun yarda 'yan kasuwa ba su da laifi, masu shirya fim ne ba sa riƙe amana, kuma ya kamata Hajiya ta ba da haƙuri. Na rufe maganar.

Furodusa: Waɗanne jama'a? Ranka ya daɗe, ba ƙaninka ne ke da shagon faifai ba?