Yaya zan ja ɗaliban da nake kula da su a jiki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Amurka, bana aka ɗora mini kula da sababbin ɗalibai a ɗakunan kwana, aikin da ake kira RA. Ladana ɗaki kyauta, amma sai na riƙa haɗa su don su saba da juna. Na kira zama, na sayo abinci, aka ci aka watse, kowa ya kulle ƙofarsa.

Ga inda gizo ke saƙar: doka ta hana 'yan ƙasa da shekara 21 shan giya, kuma ni ne mai kai rahoto. To wa zai saki jiki da mai kai ƙararsa? Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki, yaya ya haɗa biyun?