Sayans fikshin da fantasi: me za mu kira su da Hausa?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar kunya da na sha ce ta kawo ni. Daren Asabar ni da ƙanena muka zauna kallon kashi na biyu na Dune, wanda ya fito a 2024, a kwamfutarsa, ido ɗaya a kan fim ido ɗaya a kan batir, don tun la'asar aka ɗauke wuta. Inna ta ɗaga labule daidai lokacin da yaron fim ɗin ya haye bayan wata tsutsa da ta fi jirgin ƙasa tsawo, tana keta rairayi kamar kifi a ruwa. Ta ce, "Wannan kuma wane irin fim ne?" Ƙanena ya ce sayans fikshin. Ta ce ai da Hausa ta yi tambaya. Ya dube ni, na dube shi. Na ce, "Inna, irin na ƙarya ɗin nan ne." Ta ce, "To dama akwai na gaskiya?" Ta saki labulenta ta wuce.

Tun daren nan abin yake cina. Muna da fim ɗin soyayya, na yaƙi, na ban dariya, na ban tsoro. Amma waɗannan guda biyu, na kumbo da mutum-mutumi da kuma na zobban sihiri da dodanni, sai mu ari bakin Bature. Ku taimaka da suna.

Ɗaliba, daga Samaru:
Yaya, mu a ɗakinmu tatsuniyar kimiyya muke cewa, kuma ba wadda ta taɓa tambayar ma'ana. Fantasi kuwa tatsuniya ce kawai aka kashe mata kuɗi.

Mai tambaya:
Ƙanwata, maganarki ta ƙarshe ta ba ni dariya, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai tatsuniya tana da gidanta. Ta dare ce, ta bakin kaka, ta Gizo da Ƙoƙi da Botorami, har ana tsorata mu da cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata. Idan na ce wa mutum mai gemu ya zo mu kalli tatsuniya, raini zai ɗauka. Fim ɗin da na kalla kuwa siyasa ce tsagwaronta: manyan gidaje suna kashe juna a kan arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar wasu talakawan hamada, su kuma masu ƙasar ko ruwan sha ba su da shi, har gumin jikinsu rigarsu ke tacewa su sake sha. Wanda ya san labarin man fetur ba sai an yi masa fassara ba.

Tsohon malamin firamare, daga cikin Birni:
'Ya'yana, kuna magana kamar yau abin ya zo mana. A nan Zariya kamfanin buga littattafai na NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Mun karanta shi, mun karantar da shi, kuma ba mu taɓa jin muna bukatar wani suna ba bayan littafin Hausa. A wannan shekarar ce kuma Amurkawa suka sauka a kan wata, a watan Yuli, har Shata ya yi wa kumbon waƙa.

Ku lura da kalmar kumbo ɗin nan. Ƙwarya ce ta cin abinci. Da abin ya zo, ba a tara kwamiti ba, aka dubi siffarsa aka ba shi sunan abin da ke cikin gida, ya zauna daram har yau. Haka ɗan sama jannati, haka tauraron ɗan'adam. Shawarata ita ce kada ku ƙera sabuwar kalma. Ku duba cikin rumbu tukuna.

Malamin Hausa, daga Kongo:
Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. A aji muna da kalmar da ta daɗe da zama: ƙagaggen labari. Ita muke sa wa Ruwan Bagaja da Ganɗoki da duk abin da ya biyo bayan gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933. Saboda haka in a takardar jarrabawa ne, ƙagaggen labarin kimiyya zan rubuta, ba mai ci na tara. Amma na san ba za ta shiga kasuwa ba. Mun ga yadda aka yi da na'ura mai ƙwaƙwalwa: tana nan a labaran rediyo, kwamfuta kuma tana bakin mutane. Wayar tafi-da-gidanka ma ta ƙare a waya. Duk kalmar da sai ka ja numfashi kafin ka ƙarasa ta, Bahaushe zai datse ta ko ya yar.

Kada kuma a zaci Turawa sun tashi da tasu kalmar a shirye. Hugo Gernsback, wanda ya fara fitar da mujallar irin waɗannan labarai a Amurka a 1926, wata kalma ya fara haɗawa mai wuyar faɗa, ta ƙi karɓuwa, sai wajen 1929 ya koma ga wadda muke aro yanzu. Larabawa kuma suka ce al-khayalul ilmi, wato abin da tunani ya suranta bisa ilimi. Kowa dai sai da ya yi irin wannan zaman namu.

Ni abin da zan kawo shi ne almara. Almarar kimiyya.

Ɗalibin fiziks, daga Samaru:
Malam, a gafarce ni, ina da ja. A bakin mutane in aka ce "wannan almara ce", ana nufin zancen da ba shi da kai ba shi da gindi. In ka ce almarar kimiyya, wani zai ji kamar kimiyyar ce kake ƙaryatawa. Kuma ba duka ne shaci-faɗi ba. Makon jiya na sake kallon Interstellar na 2014. Wurin da suka sauka a wata duniya kusa da baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa, awa ɗaya a can ta zama shekara 7 a nan, mutum ya dawo ya tarar 'yarsa ta kamo shi a shekaru, daga baya ma ta wuce shi, wannan daga lissafin Einstein aka ciro shi. Kip Thorne ne ya ba masu fim ɗin shawara, masanin fiziks ɗin da ya samu kyautar Nobel a 2017. Ni da za a bi tawa, hasashen kimiyya za a ce.

Malamin Hausa:
Ɗalibi, ka kawo ja mai kyau, amma hasashe ya riga ya yi aure. Hasashen yanayi, hasashen masana tattalin arziki. In gidan rediyo ya ce hasashen kimiyya ya nuna mutane za su koma wata duniya, manomi a Giwa zai ɗauka sanarwa ce.

Bari in tsaya a kan almara kaɗan, don mutane sun manta aikinta na asali. A adabin baka, almara ba ta ƙarewa da "ƙurunƙus". Da tambaya take ƙarewa. Mutum ya zo bakin kogi da kura da akuya da damin dawa, kwalekwalen ba ya ɗaukar fiye da shi da abu guda, yaya zai yi? Ko samari uku da kowannensu ya yi bajinta wajen ceton yarinya, wa ya cancanci ya aure ta? Mai ba da almara ya san ba a yi ba, masu sauraro sun san ba a yi ba. An gina yanayin ne da dokokinsa don a gwada hankali, kuma ba a yarda ka karya dokar ba: ba za ka ce kurar ta koshi ba, ko kwalekwalen ya ƙara girma.

To me fim ɗinka ya yi in ba wannan ba? An kafa doka cewa lokaci yana gudu daban-daban, aka jefa uba da 'ya a ciki, aka ce to ku gani. Da a ce na'ura ta yi hankali, wa ke da alhakin laifinta? Da a ce ruwa ya ƙare, me mutum zai zama? Duk "da a ce" ne, kuma "da a ce" ita ce uwar almara. Kalmar kimiyya da ke biye kuma tana gaya maka inda aka samo dokar wasan.

Wani Bakano da ke karatu a Zariya:
Ni dai roƙona ɗaya. In an amince, a rubuta almarar kimiyya da "r". Na san ku Zazzagawa, gobe za mu ji almaran kimiyya ne, kuma yana da kyau.

Mai tambaya:
Kano tumbin giwa, an ji. Za mu rubuta da "r" mu faɗa yadda muka gada.

Malam ya gamsar da ni a kan na farko. Saura fantasi, kuma nan ne na fi rikicewa. Ƙanena cewa yake fim ɗin aljanu.

Mai karatun zaure, daga Ƙofar Doka:
Malamai, a nan sai a yi hattara. Shi Bature da ya ware wannan kaso, abin da yake nufi shi ne labarin abin da babu shi sam. Ya zuba aljani da sihiri da dodo a kwando guda ya ce duk babu. Mu kuwa aljani akwai shi, sura guda ce a Alƙur'ani, sihiri ma an ambace shi. In ka ce fim ɗin aljanu, Inna za ta zaci irin labarin da ya faru da 'yar maƙwabta ne, wadda aka kai wa mai ruƙiyya. Ba za ta kawo wasu gajerun mutane masu gashi a ƙafa da ke tafiya jefa zobe cikin dutse mai aman wuta ba. Fim ɗin tsafi kuma ya riga ya zama sunan waɗancan na boka da jan ƙyalle da kuɗin jini. Kada kuma wani ya kawo ƙissa, wannan ta Annabawa ce da bayin Allah, a bar ta inda take.

Shi Dune ɗin ma ni ban iya kallonsa a matsayin wasa ba. Ina zaune na ji taron mutane suna kiran Mahdi, suna kiran Lisanul Gaibi, a bakin mutanen hamada masu rawani. Marubucin littafin, Frank Herbert, tun 1965 ya kwashi kalmomin nan daga Larabci. Abokin kallona yana jin su kamar sunayen da aka ƙirƙira, ni kuwa ina jin abin da na karanta a gaban malam. Abin da ya hana ni tashi shi ne na lura fim ɗin kansa gargaɗi yake a kan masu shuka annabcin ƙarya don su mallaki jama'a.

Ɗaliba, daga Samaru:
To ai mu ma muna da namu, Malam. Littattafan yaƙi da yayyenmu maza suke haya a shagon littafi, masu sadaukai da takubba da matsafa da birane da babu su a taswira. Ba wanda ya taɓa kiransu da wani abu sai littattafan yaƙi.

Malamin Hausa:
Haka ne, sai dai fim ɗin yaƙi yanzu bindiga da tankar yaƙi yake kawowa a rai. Ni zan bar fantasi a almara kawai, ba ƙari. In ana son bambancewa a ce almarar sihiri, tunda kalmar almara a gaba ta riga ta sanar cewa ƙagowa aka yi, ba a taɓa aƙidar kowa ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: ka tambayi abin da ya sa abin mamakin ya faru a cikin labarin. In inji ne ko magani ko lissafi, ta kimiyya ce. In zobe ne ko sanda ko kalmar da aka karanta, ta sihiri ce.

Ɗalibin fiziks:
To Dune fa, Malam? Akwai kumbo, amma babu kwamfuta ko ɗaya, kuma yaron yana ganin gobe bayan ya sha wani ruwa mai shuɗi.

Malamin Hausa:
Jemage ne. Su ma masu abin ba su gama sasantawa a kansa ba, kada mu ɗora wa Hausa laifin.

Mai tambaya:
Na kai maganar inda za a gwada ta. Da yammacin yau na biya ta unguwar PZ wurin yaron da nake karɓar fina-finai, yana zaune bayan teburinsa da kwamfuta da tarin wayoyin caji, mutum huɗu na jira a tura musu Indiya-Hausa. Na ce, "Abokina, almarar kimiyya nake so." Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sararin samaniya ko na mutum-mutumi?" Ban yi masa bayanin komai ba, ya gane. Na ce to almarar sihiri fa? Ya ɗan yi jim, ya ce, "Irin masu dodo da takobi? Suna cikin na Caina, ban ware su ba."

Da na dawo gida na sami Inna tana tankaɗe, na ce mata fim ɗin ran nan almarar kimiyya ake ce masa. Ta ce, "Almara dai. To a ƙarshe wa ya fi gaskiya, yaron ko yarinyar?" Ashe ta tsaya bayan labule ta ga inda yarinyar ta juya masa baya ta tafi kiran tsutsarta. Na ce sai kashi na uku ya fito. Ta ce ita tana bayan yarinyar, in miƙo mata faifai.