CG ɗin Baba yana hayaƙi, a sa ringi ko a dakata?

Nasiru Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan zaure. Babur ɗin mahaifinmu ne, Honda CG 125, tsohon ƙirar Japan, ya daɗe a jingine a soro, yanzu na tashe shi. Kik ɗaya yake kamawa, amma salansa tana hayaƙi, baƙin mai kuma yana raguwa. An ce in sa ringi kawai, wato zoben da yake jikin fistin. Wa zan kai wa?

Auwalu Kurna: Wa alaikumus salam. Ringi ne, ba sai an duba ba. Shiga 'Yan Babura a Fagge ka sayo.

Oga Habu Bakanike: Auwalu, dakata. Nasiru, hayaƙin wane launi ne, kuma yaushe yake fitowa?

Nasiru Gwammaja: Oga, kamar fari ne da ɗan shuɗi-shuɗi. Da safe ya fi yawa.

Oga Habu Bakanike: To ka rarrabe su. Fari fat wanda yake watsewa nan da nan, ba wari, wannan raɓa ce ta kwana a salansa, musamman da sanyin hunturu. CG iska ce take sanyaya shi, ba ruwan lagireto a cikinsa balle ya ƙone. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa: cok a ja, ko soson iska ya toshe, ko kafireta tana ambaliya. Shuɗi mai ƙauri wanda yake tsayawa a iska, shi ne baƙin mai. Shi ma a duba lokacinsa. In da safe ne kawai, ya yi zafi ya daina, ko kuma in ka saki totur kana gangarowa daga gadar Ƙofar Nassarawa ya tuttulo, man ta sama yake sauka, ta wuyan bawul. In kuwa sai ka murɗa totur da kaya a baya yake turnuƙewa, ta ƙasa yake hawowa, ringi ko bulo, wato silindar da fistin yake hawa da sauka a ciki.

Malam Sani Fagge: Allah ya saka da alheri Oga Habu.

Alhaji Garba Yakasai: Yaro, ka ji maganar Habu, kada ka bari kowa ya ɗora sifana a kan injin nan tukuna. Irin babur ɗin nan ne da ni, kuma abin da ya same ni har yau yana min ciwo. Ya fara ɗan hayaƙi da safe, na kai wa wani mai gyara, bai cire ko fulogi ya duba ba, ya ce ringi. Ya kwance, ya sa sabon ringi a tsohon bulo ba tare da ya auna ba. Cikin bulon ya riga ya cinye ta sama, ya yi gaɓa, ba da'ira yake ba kuma. Sabon ringi zai zauna a ramin da ya karkace? Hayaƙin da yake na safe kawai ya koma na yini. Na mayar, ya ce ai sai ringin ya zauna, in yi haƙuri. Na yi haƙurin, baƙin mai yana tafiya, fulogi yana jiƙewa yana ɗaukewa a tsakiyar titi. Na sake mayarwa, ya ce borin za a yi, wato a faɗaɗa ramin bulon a sa fistin mafi girma. Aka yi, ya sa fistin na jabu, ya kuma yi musanyen fistin ɗina na asali, ban sake ganinsa ba. Daga ƙarshe wani dattijo ya kwance kan injin a gabana, ya kama bawul ɗin da yatsa biyu ya girgiza, yana rawa a mazauninsa, robar wuyansa ta bushe ta tsage. Wannan ne ciwon tun farko, kuma ba wanda ya kalle shi. Bulon wannan babur iyakar borin ɗinsa mataki huɗu, a milimita: 0.25, 0.50, 0.75, sai 1.00. Kowane borin rai ɗaya ne ya tafi. Na asalin Japan kuma yanzu sai an sha yawo kafin a samu. Shi ya sa nake jin zafin masu cewa "ringi ne" daga jin labari.

Auwalu Kurna: Alhaji, a yi min afuwa, amma in babur goma aka kawo, yawancinsu ringin ne.

Alhaji Garba Yakasai: Na achaɓa da suka sha wuya, e. Wannan a soro ya kwana shekaru.

Oga Habu Bakanike: Nan ma akwai magana. Babur in ya daɗe a ajiye, ringi yakan maƙale a ramin fistin saboda tsohon mai ya daskare. Sau da yawa in aka yi juye aka hau shi a hankali na 'yan kwanaki, yakan saki da kansa.

Bashir Hotoro: Ku zuba masa mai kauri irin na tirela, hayaƙin zai ɗauke.

Malam Sani Fagge: Rufa-rufa ke nan, dabarar dillalai in za su sayar. Da sanyin safe man ba zai hau sama da wuri ba, sai a cinye abin da ya rage. Baƙin mai 20W-50 mai kyau ya ishe shi.

Kawu Isa Zazzau: Ni Vespa ta tana hayaƙi tun ina saurayi, ba ta taɓa kwana a gareji ba. Kanawa ne dai da tsoron hayaƙi.

Bashir Hotoro: Bazazzagi ya iso. Kawu, a Zariya hayaƙin ai shi ne hon.

Malam Sani Fagge: Kawu, taku daban ce. Vespa a cikin fetur ake zuba mata man, mililita 20 a kowace lita, dole ta ƙona shi. CG mansa a ƙasan inji yake, bai kamata ya shiga wuta ba.

Kawu Isa Zazzau: Duk da haka ta fi shi daraja. Wa aka taɓa kai wa lefe da CG?

Alhaji Garba Yakasai: Isa, CG tun 1975 Honda ta fito da shi, kuma don irin ƙasashenmu ta yi shi, inda ba a juye a kan lokaci. Shi ya sa soson iskarsa ma na wankewa ne. Wahalar da ya sha a garin nan kafin a hana achaɓa a 2013, Vespa ba za ta yi wata guda a cikinta ba.

Nasiru Gwammaja: Ranku ya daɗe, na duba yanzu. Babu soson iska ma gaba ɗaya, akwatin fayau yake. Gejin mai kuma ya wuce layin sama.

Oga Habu Bakanike: A'a. Nawa ka zuba? Kusan lita ɗaya yake sha. Ka ɗora shi a kan babban sitan, ka goge gejin, ka tsoma ba tare da ka murɗa shi ciki ba. Sannan ka shinshina man. In yana warin fetur, allurar kafireta ce ba ta rufewa, fetur yana gangarawa cikin inji, man ya tsinke ya riƙa wuce ringi. Ka zubar da shi duka, ka wanke ragar mai da take ƙasa, ka zuba sabo daidai layi. Soso kuwa yau ɗin nan, kafin ka sake tayar da shi. Ƙurar Kano in ta shiga silinda kamar sanfefa take.

Nasiru Gwammaja: Fulogin fa?

Oga Habu Bakanike: Baƙi a bushe kamar kunkunniya, fetur ne. Baƙi a jiƙe yana maiƙo, baƙin mai ne. In bayan mako hayaƙin bai ragu ba, a auna ƙarfin silinda da geji, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In ya ƙaru sosai, Auwalu ya ci, ringi ne.

Auwalu Kurna: Ina jira.

Bashir Hotoro: Nasiru, in ka gaji da shi ina so. Tankin na asali ne?

Nasiru Gwammaja: Na asali ne, amma na Baba ne, ba na sayarwa ba. Oga Habu, soson na sabon CG zai shiga akwatin tsohon, ko sai an yanka?