Me ya sa layin Stern da Volmer ke lanƙwashewa a ruwan SDS?

Ɗalibar digiri na biyu:
Assalamu alaikum, malamai. Ina auna ƙyallin sinadarin fairin (pyrene, sinadarin da ke ƙyalli idan aka haska shi) a cikin ruwan SDS, wani sinadari mai kama da sabulu, mai ƙarfin milimola 50, ina ƙara CPC, wani sinadarin dangin sabulu mai rage ƙyalli, kaɗan-kaɗan domin ya dusashe ƙyallin. Dokar Stern da Volmer ta ce idan aka raba ƙarfin ƙyallin farko da wanda ya rage, aka zana sakamakon daura da yawan CPC, miƙaƙƙen layi za a samu. Nawa layin kuwa sama yake lanƙwashewa, kuma sau uku ina maimaita gwajin. Laifin na'ura ne ko nawa?

Tsohon malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, babu laifin kowa, an dai kai dokar inda ba hurumintu ba ne. An gina ta a kan zaton cewa sinadaran biyu suna yawo sake a cikin ruwa bai ɗaya, alhali da zarar SDS ya haura kimanin milimola 8, ƙwayoyinsa sukan cure su zama dunƙule-dunƙulen da ake kira maisel, kowanne da ƙwayoyi wajen 60, jelunansu masu gudun ruwa a ciki, kawunansu masu caji a waje. Fairin ba ya son ruwa, saboda haka cikin maisel yake fakewa, haka ma CPC mai doguwar jela. Abin dubawa a nan shi ne maisel nawa ne CPC bai shiga ba, domin fairin da ke cikinsu ne kaɗai ke ba da cikakken ƙyalli.

Yi lissafin da kanki. Cire 8 daga 50, ki raba da 60, za ki sami milimola 0.7 na maisel. Idan CPC ya kai milimola 0.35, rabon Poisson, wato lissafin yadda abu ke rarrabuwa bisa sa'a, ya nuna kashi 61 cikin ɗari na maisel ne CPC bai shiga ba. Ki zana logaridim na sakamakon maimakon sakamakon kansa, kamar yadda Turro da Yekta suka yi a 1978, layin zai miƙe, kuma gangarensa zai gaya miki yawan ƙwayoyin maisel ɗaya.

Mai kula da ɗakin gwaji:
Bayanin Malam ya gamsar, sai dai ki tabbata fairin bai wuce maikromola 1 ko 2 ba. Idan biyu suka haɗu a maisel guda, wani faffaɗan ƙyalli yakan bayyana a tsawon zangon haske wajen nanomita 470, ya ɓata miki awon.

Ɗalibar digiri na biyu:
Allah ya saka da alheri. Layin ya miƙe, babu kuma komai a 470, amma 52 na samu, ba 60 ba.

Tsohon malamin kimiyya:
Na yi tsammanin haka. Hanyar tana zaton duk fairin da ya haɗa maisel da CPC yakan dushe nan take, kuma ba kullum hakan ke faruwa ba, musamman idan iskar oksijin da ke narke a ruwan ta gajarta rayuwar ƙyallin har wasu suka haskaka kafin CPC ya cim musu. Wannan yakan sa adadin ya fito ƙasa da na gaskiya. Ki kori oksijin da iskar naitrojin a hankali, don SDS akwai kumfa, sannan ki sake awon ki kawo mana abin da kika samu.