Tambaya kan sauya tagogi masu baka a tsohon gidan jan bulo

Salamu alaikum, magina da kafintoci, ina neman shawararku. Gidan a cikin birnin Katsina yake, ginin jan bulo, tagogi 4, kowace samanta a lanƙwashe yake kamar baka. Faɗi ƙafa 3, tsayi ƙafa 5, bakan ya ɗaga inci 6 a tsakiya. Gara ta cinye firam ɗin katakon.

Da aka cire na farko, bulon tsakiyar bakan ya sauko kusan rabin inci, ƙasar da ke tsakanin bulullukan tana zuba kamar gari. Ashe katakon ne ke riƙe da shi. An tokare da katako, aiki ya tsaya.

Mai almuniyam ya ce shi firam mai kusurwa huɗu kawai yake haɗawa, a gitta ƙarfe a cike saman da bulo. Hakan zai ɓata fasalin gidan, ban so. Ko a zana bakan a falanki, mai walda ya lanƙwasa firam na ƙarfe a kai?

Sannan da me za a cike tsakanin bulon? Siminti zalla ya fi tsohon bulo ƙarfi, yana fasa shi. Kuma kusoshin firam, a jikin bulo za a huda ko a mahaɗar bulullukan? Damina ta kusa.